Katin hoton kwamfuta na sunkuyawa saboda nauyi: yadda ake tokare shi tun bai lalace ba

 A filinmu na fasahar zamani, yau za mu tattauna kan wata matsala da ke cin dukiya a ɓoye cikin akwatin kwamfutar tebur, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance murfi. Matsalar ita ce sunkuyawar katin hoto, wanda masu gyara ke ce wa kart garafik. Maganinta kuwa ɗan tokari ne da tsawonsa bai wuce taƙi guda ba.

Wani zai ce, to mu da ke ƙauye, ina ruwanmu da wannan? Ai da ruwanmu. Yaron da ke ɗaukar bidiyon biki da suna, ya koma Maraɗi ko Damagaram ya haɗa shi, da irin wannan na'ura yake aiki. Haka masu sutudiyon waƙa, masu zanen taswirar gini, masu buga fosta da katin gayyata, da masu gidajen wasan gem. Da yawa daga cikinsu wani yaya ne ko kawu da ke Faransa, Beljiyam, Amurka ko Abijan ya tara kuɗi ya aiko da na'urar don yaro ya samu sana'a. Wasu kuma dabba aka sayar a gida aka haɗa jarin. Idan katin hoto ya mutu, aiki ya tsaya ke nan, kuma sau da yawa shi ne abu mafi tsada a cikin akwatin baki ɗaya.

Mene ne katin hoto, kuma me ya sa ya yi nauyi haka?

Katin hoto shi ne ɓangaren da ke sarrafa duk abin da kuke gani a ekaran, wato gilashin da ake kallo. Kwamfutar ofis ta rubuta takarda ba ta buƙatar babba, wata ma ba ta da shi daban, yana haɗe cikin ƙwaƙwalwarta. Amma mai haɗa bidiyo ko mai zane mai nauyi sai da kati na musamman. Manyan kamfanonin da ke yin ƙwaƙwalwar waɗannan katuna uku ne: Nvidia, AMD da Intel. Wasu kamfanoni irin su Asus, MSI, Gigabyte, Zotac da Sapphire su ke sayen ƙwaƙwalwar su gina katin da nasu fankoki.

Allon katin kansa ba shi da wani nauyi. Kaurinsa kusan milimita 1.6 ne kawai. Abin da ke kawo nauyi shi ne kayan sanyaya shi: farantan alminiyom, bututun jan ƙarfe, da fanka biyu ko uku. Gwargwadon wutar da kati ke ci, gwargwadon zafin da yake fitarwa, gwargwadon kuma ƙarfen da za a ɗora masa. Ku duba yadda abin ya hau. GTX 1060 da ya fito a 2016 wat 120 yake ci. RTX 3060 na 2021 wat 170. RTX 3090 na 2020 wat 350. RTX 4090 da ya fito a watan Oktoba na 2022 wat 450 yake ci, tsawonsa ya ɗan haura santimita 30, nauyinsa ya wuce kilo 2. Wasu samfuran nasa na kamfanonin da muka ambata sun haura santimita 35.

Batun kuɗi kuwa, RTX 4090 ya fito kan dalar Amurka 1,599, wato sama da miliyan guda na sefa a canjin wancan lokaci. RTX 3060 kuwa ya fito kan dalar Amurka 329, wajen jika 180 ke nan, tun ba a sa kuɗin hanya, na duwan da ribar ɗan kasuwa ba. Kun ga ashe abin ba na wasa ba ne.

Yadda sunkuyawar ke faruwa

A kwamfutar tebur da ke tsaye, babban allo, wanda masu gyara ke kira kart mer, a jingine yake da bangon akwati. Katin hoto kuma yana fitowa daga jikinsa a kwance, kamar kanta a jikin bango, fankokinsa na kallon ƙasa. Wuri biyu kaɗai ke riƙe da shi. Na farko shi ne gurbin da ake cusa shi a babban allo, wanda ake kira PCIe, tsawonsa kusan santimita 9. Na biyu shi ne ƙarfen bayan katin, wanda ake ɗaure wa da noti ɗaya ko biyu a bayan akwati. Duka wuraren biyu suna ɓangare guda ne, wajen baya. Idan katin ya kai santimita 30, fiye da rabinsa a iska yake, babu abin da ke ƙarƙashinsa.

An fito da wannan gurbi na PCIe tun 2003, lokacin da katuna ba su da wani nauyin a-zo-a-gani. Girman gurbin bai sauya ba har yau, amma kayan da ake rataya masa sun ninka sau da yawa.

Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwa ya san wannan lissafi ko da bai shiga lakwal ba. Riƙe guga cike a jikinka, za ka daɗe. Miƙe hannu da shi nesa da jiki, nan da nan kafaɗa za ta fara kuka, alhali ruwan bai ƙaru ba. Nisan nauyi daga inda aka riƙe shi, shi ke ƙara wahala. Haka azarar ɗaki take: idan ta yi tsawo babu dirka a tsakiya, shekara da shekara sai ta yi ciki. To, wutsiyar katin hoto ma haka take yin ƙasa sannu a hankali, musamman kusurwar da ta fi nisa da gurbi, wadda ke wajen gaban akwati kusa da murfi.

Zafi na ƙara wa abin gudu. Idan kati na aiki mai nauyi, ƙwaƙwalwarsa kan kai digiri 70 zuwa 85. A kashe na'ura ta huce, a kunna ta sake ɗumama. Kowane zagaye ƙarfe da roba na buɗewa suna tsukewa, ga kuma nauyi na ja ƙasa ba dare ba rana. A nan ƙasarmu, watannin Afrilu da Mayu zafin waje kan wuce digiri 40, kuma shaguna da yawa rufin kwano ne babu na'urar sanyaya ɗaki. Katin da ke aiki a Tawa ko Ƙonni cikin bazara ya fi wanda ke Turai shan wuya nesa ba kusa ba.

Ɓarnar da ke biyo baya

Ɗan sunkuyawa kaɗan ba ya kashe kati nan take, akwai waɗanda ke shekaru a haka suna aiki. Sai dai idan ɓarnar ta zo, ta wurare huɗu take zuwa.

Na ɗaya, dalmar da ke ƙarƙashin ƙwayoyin memori. Waɗannan ƙwayoyi ba su da ƙafafu a gefe. A kan ƙananan ƙwallayen dalma suke zaune, fiye da ɗari ƙarƙashin kowace ƙwaya, kowane ƙwallo bai kai ƙwayar gero ba. Idan allo ya lanƙwashe, ƙwallayen da ke kusa da gurbin PCIe su ke fara tsagewa, don nan ne lanƙwasar ta fi tsanani. Masu gyaran katuna a Turai sun sha nuna irin wannan lalacewa a manyan katunan da suka yi shekaru a sunkuye. Gyaranta sai da na'urar zafi ta musamman da gwanin hannu, ba kowane shagon gyara ke da su ba.

Na biyu, tsagewar allon kansa. Allon babban kati hawa-hawa ne, siraran hanyoyin jan ƙarfe a shimfiɗe cikin kowane hawa, wasu katunan hawa fiye da 10. Kusa da ƙarshen haƙoran zinaren da ke shiga gurbi akwai wani ɗan ƙugiya da makullin gurbi ke kamawa. A nan ne allo ya fi tsagewa, kuma idan tsagar ta yanke hanyoyin da ke ciki, sau da yawa katin ya tashi aiki.

Na uku, gurbin babban allo. Nauyi kan buɗe bakinsa ko ya ɗaga dalmarsa. Sababbin alluna da yawa an yi wa gurbinsu rigar ƙarfe don wannan dalili. Rigar na kare gurbin, amma ba ta hana wutsiyar kati yin ƙasa.

Na huɗu, fanka. Idan jikin katin ya murɗe, fiffiken fanka kan riƙa gogar roba ko wata waya da ke ƙasa, sai ku ji ƙara kamar ana kaɗa kara a jikin keke.

Alamomin da mai na'ura ke gani su ne ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka a ekaran, hoto ya ɗauke ya bar baƙi ana tsakar aiki, na'ura ta kashe kanta lokacin fitar da bidiyo, ko a kunna fankoki na juyawa amma babu hoto. Mu lura fa, waɗannan alamomi na iya zuwa daga wani dalili daban, kamar ƙura da ta toshe farantan sanyaya, akwatin wuta mai rauni, ko manhajar katin da ta tsufa. Don haka a duba da ido kafin a yanke hukunci.

Wa ke buƙatar tokari, wa ba ya buƙata?

Mai kwamfutar hannu, wato portabul, babu ruwansa da wannan magana. Haka mai ƙaramar kwamfutar ofis irin su HP, Dell ko Lenovo da ke kwance a kan tebur: a cikinta katin a tsaye yake kan gurbinsa, nauyinsa na sauka kai tsaye. Ƙananan katuna masu fanka ɗaya irin GT 1030 ko gajeren GTX 1650 su ma ba su da nauyin da zai dame su.

Wanda ya kamata ya tashi tsaye shi ne mai akwati a tsaye da kati mai fanka uku, ko mai fanka biyu da ya yi tsawo da kauri har ya cinye gurbi biyu da rabi ko uku a bayan akwati. Idan kun ɗaga katin kuka ji ya kai kilo guda, ku tokare shi ko da bai fara sunkuyawa ba. Wasu katunan na da farantin ƙarfe a bayansu. Yana taimakawa, amma shi ma ƙarin nauyi ne, bai isa ya maye gurbin tokari ba.

Yadda za ku duba taku

Ku kashe na'ura, ku zare wayar wuta daga bango, sannan ku danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta fita. Kafin ku taɓa komai, ku dafa ƙarfen akwatin inda babu fenti. Wannan na da muhimmanci ƙwarai a lokacin hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum kan ji tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya ƙona ƙwayar lantarki.

Ku cire murfin gefe, ku durƙusa idonku ya yi daidai da katin. Ku kwatanta layinsa da wani abu madaidaici a ciki, kamar rufin akwatin wuta da ke ƙasa. In kuna son tabbaci, ku ɗauki ƴar rula ta roba ko ta katako, ku auna daga ƙasan akwati zuwa gindin katin a wajen baya, ku sake aunawa a wutsiya. Idan awon wutsiya ya gaza na baya, katin ya sunkuya. Wanda ke da ma'aunin ruwa irin na magina zai iya ɗora ƙarami a kai, amma ya fara tabbatar da cewa teburin kansa a daidaice yake.

Akwai kuma wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z da ke nuna zafin katin da yawan hanyoyin da yake magana da babban allo ta cikinsu. Babban kati kan nuna x16. In ya koma x8 ko x4 alhali da can x16 yake, wataƙila haƙoransa ba su zauna daidai cikin gurbi ba. Sai dai wasu katunan, kamar RTX 4060 da RX 6600, dama can x8 aka ƙera su, kada wannan ya tayar muku da hankali.

Ire-iren tokari

Na farko kuma mafi sauƙi shi ne ɗan ginshiƙi. Sanda ce ta alminiyom da ke tsayawa a ƙasan akwati, da ɗan hannu mai roba da ake ɗagawa ko saukewa a ɗaure da noti. Wasu ana murɗa su ne kamar jak ɗin mota. Galibi akwai maganaɗisu a gindinsu don su kama ƙarfe. In ƙasan akwatinku alminiyom ne ko roba, maganaɗisun ba zai kama ba, sai a sa ɗan salatif mai manne fuska biyu.

Na biyu shi ne dogon ƙarfe da ake ɗaurewa a bayan akwati, a ramukan notin da ke ƙarƙashin katin, ya miƙe a kwance ƙarƙashinsa har wutsiya. Wannan ya dace da akwatin da ke da fankoki a ƙasa, inda babu wurin tsayar da ginshiƙi. Amma ku sani shi ma daga gefe guda yake riƙe, in ƙarfensa siriri ne zai sunkuya tare da katin.

Na uku, wasu akwatuna na zamani na zuwa da nasu tokari a jiki, wasu manyan katuna ma ana sako shi cikin kwalinsu. Ƴan uwa masu saye a waje, ku duba kwalin da kyau, kada a jefar da ɗan ƙarfen a zaci tarkace ne.

Na huɗu shi ne ratayewa daga sama, da zaren kamun kifi mai ƙarfi ko ɗaurin roba mai haƙora, a zura a kusurwar katin a ɗaure a rufin akwati. Yana aiki, sai dai zare kan saki da zafi, dole a riƙa dubawa.

Na biyar, a tsayar da katin a tsaye ta amfani da wata waya mai faɗi da ke haɗa shi da gurbi. Wannan na kawar da sunkuyawa, amma wayar na da tsada, kuma in katin ya matse da murfin gilashi fankokinsa ba sa samun iska. A zafinmu wannan ba ƙaramar illa ba ce.

Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko dala: a kwantar da akwatin a gefensa, babban allo na ƙasa, katin ya koma a tsaye. In tebur na da faɗi kuma ba a toshe ramukan iska ba, wannan ya wadatar.

Wanda bai samu na kasuwa ba, kada ya zauna jira. Kafinta zai yanka muku ɗan katako busasshe daidai awo. Guntun bututun ruwa na roba mai kauri ma ya yi, a yanke bakinsa daidai ya zauna daram. A manna ɗan guntun robar tayar keke a samansa don kada ya zame. Abin da za a guje wa shi ne ƙarfe tsirara da zai iya taɓa allon katin ya haɗa wuta, kwali ko soso da ke laushi su tara ƙura, ɗanyen icce da zai ƙanƙance in ya bushe, da duk abin da zafi ke narkarwa.

Yadda ake sa shi

Bayan an kashe wuta kamar yadda muka faɗa, a kwantar da akwatin a gefensa. A sassauta notin bayan katin. A danna katin a hankali cikin gurbinsa har a ji makulli ya kama. Sannan a riƙe shi a miƙe, a ɗaure notin tam. In katin na da ramin noti biyu ko uku, a sa duka. Da yawa daga cikin katunan da ke sunkuye, noti ɗaya aka sa musu, shi ma bai ɗauru ba.

A tayar da akwatin tsaye. A sa yatsa ƙarƙashin wutsiyar katin a ɗaga kaɗan har awon gaba da na baya su zo ɗaya. Wannan tsayin shi ne tsayin tokarinku. A sa shi a kusurwar nesa, ƙarƙashin roba ko ƙarfen da ya kewaye fankoki, wurin da ke da tauri. Kada ya taɓa fiffiken fanka, kada kuma ya danne siraran farantan alminiyom.

Ga inda mutane ke kuskure: su ga kamar ƙara ɗagawa ƙarin lafiya ne, sai su tura katin sama ya wuce daidai. Lanƙwasa sama da lanƙwasa ƙasa duk ɓarna ɗaya suke yi wa dalma. Aikin tokari ya karɓi nauyi kawai, katin ya kwanta a miƙe. In kuma katin ya daɗe a sunkuye har ya riƙe lanƙwasar, kada a ce sai an miƙe shi rana ɗaya da ƙarfi. A ɗaga shi daidai inda ya tafi ba tare da gardama ba, a bar shi nan.

Kafin a rufe, a juya kowace fanka da yatsa a ga tana yawo babu abin da ta taɓa. Sannan a kunna a ba na'urar aiki mai nauyi. Dalili shi ne katunan zamani da yawa ba sa juya fanka sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60. Kuna iya kunnawa ku ji shiru ku zaci lafiya, alhali tokarin ya tare fanka, sai an fara fitar da bidiyo katin ya ɗau zafi.

A duba wayar wutar katin ma. In ta rataya tana jan shi ƙasa, a bi da ita ta sama ko a ɗaure ta a jikin akwati ta daina ja. Manyan sababbin katunan Nvidia na amfani da wani soket mai ƙafa 16 da ke iya ɗaukar har wat 600. Wannan yana son a cusa shi har ƙarshe, kuma kada a lanƙwasa wayar dab da bakinsa, a bar wajen santimita 3 da rabi a miƙe. Tun ƙarshen 2022 an ga irinsa da suka narke, kuma rashin shiga daidai na cikin manyan dalilan. Saboda haka kada a mai da wannan waya igiyar rataye kati.

Saƙo ga ƴan uwa masu aiko da kaya

Abin da nauyi ke yi cikin shekara biyu a kan tebur, ramin hanya ɗaya na iya yin sa cikin ƙiftawar ido. Kwamfutar da ta taso daga Turai ko Amurka, in ta jirgin ruwa ce, sai ta sauka tashar bakin teku ta hau babbar mota kwana da kwanaki. In ta jirgin sama ce ta sauka Yamai, akwai sauran tafiya: fiye da kilomita 600 zuwa Maraɗi ta Doso da Ƙonni, kusan 900 zuwa Damagaram. Wadda aka sayo a Kano ko Legas ita ma sai ta sha hanya. Daga tasha kuma a ɗaure ta bayan kabu-kabu ko a ɗora a amalanke zuwa gida. Duk tsallen da mota ta yi, katin mai kilo 2 na fizgar gurbinsa kamar guduma. Tokarin ginshiƙi ba ya hana wannan, don daga ƙasa kawai yake riƙewa, shi kansa yana iya faɗuwa ya yi ta yawo cikin akwati yana fasa kaya.

Don haka a cire katin kafin tafiya. A zare wayar wutarsa, a kwance notin baya, sannan a danna ɗan makullin da ke ƙarshen gurbi kafin a ja. Kada a manta da makullin nan, jan kati da ƙarfi yana kulle na iya tumɓuke gurbin gaba ɗaya. A sa katin cikin ledarsa mai ruwan azurfa da ke kare shi daga tartsatsi, a mai da shi kwalinsa na asali in yana nan. In babu, a naɗe shi da kyau a sa cikin kwali mai kauri, a cike gefuna yadda ba zai motsa ba. Tokarin ma a cire a ɗaure shi daban tare da notin. Mai aikowa ya ɗauki hoton cikin na'urar kafin ya kwance, ya tura ta WhatsApp, don wanda zai haɗa a gida ya ga inda kowace waya take.

In tafiyar gajera ce cikin gari, kamar a kai na'ura wurin biki ko taro, a kwantar da akwatin babban allo na ƙasa, a shimfiɗa bargo ƙarƙashinsa, a tafi a hankali.

Mai sayen na hannu

Da yawa daga cikin katunan da ke shigowa kasuwanninmu an riga an yi aiki da su. Kafin ku biya, ku riƙe katin daidai ido ku dubi tsawonsa kamar yadda kafinta ke duban katako, ku ga ko ya yi baka. Ku haska fitilar waya a wajen haƙoran zinare da ɗan ƙugiyar nan, ku nemi tsaga ko da siririya ce kamar gashi. Ku nemi a kunna shi gabanku, a ba shi aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa kuna kallon ekaran. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi ba. In kun ga tsaga, ku bar shi komai arharsa.

Daga nan sai kulawa ta yau da kullum. Duk lokacin da kuka buɗe akwati don kakkaɓe ƙura, musamman bayan hunturu da kuma kafin bazara ta kankama, ku sake duban tokarin: yana nan inda aka sa shi, notinsa bai saki ba, robar kansa ba ta narke ba. Kada a ajiye na'urar a ƙasa inda ake shara da inda ƙafa ke bugunta. A ɗora ta kan tebur mai ƙarfi da ba ya rawa.

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Guntun katako da kafinta zai ba ku kyauta na iya tsare jarin da aka yi shekara ana tarawa. Wanda ke da irin wannan na'ura, ya buɗe ta yau ya duba. Wanda kuma ɗansa ko ƙaninsa ke aiki da ita, ya isar masa da wannan saƙo. Masu tambaya za su iya aiko mana ta hanyoyin da kuka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.